Yoga ga Mai Gudu: Abin Ɗauka, Lokacin Yi, da Inda Ya Kamata a Tsaya

Duk wanda ya taɓa yin langa yana yaro ya riga ya san ainihin abin da gudu yake, ko da bai taɓa kallonsa ta wannan fuska ba. Mai tafiya kullum akwai ƙafarsa ɗaya a ƙasa, wani lokaci ma duka biyun, amma mai gudu ba ya taɓa taka ƙasa da ƙafa biyu a lokaci guda, sai dai ya dira a kan dama, ya tashi, ya dira a kan hagu. A kowace dira ƙafa ɗaya ce take karɓar ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikin mutum, kuma wanda yake yin taku 160 zuwa 180 a minti ɗaya zai maimaita wannan dira kimanin sau 10,000 a cikin awa guda.

Daga nan ya kamata a fara maganar yoga ga mai gudu. Mutane da yawa, idan an ambaci yoga, hoton da yake zuwa musu shi ne na wani da ya naɗe ƙafafunsa a bayan wuya kamar ba shi da ƙashi, sai su ɗauka cewa amfaninta shi ne ta mayar da jiki kamar ɗanko. A ganina wannan fahimtar ce ta fi jawo wa masu gudu rauni a kan tabarma. Abin da mai gudu yake nema shi ne ƙarfin tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da sakin kwatangwalon da yawan zama ya ɗaure, da iya sarrafa numfashi, da sabo da lura da ƙaramin ciwo tun bai girma ba. Laushin jiki yana biyo baya, kuma kaɗan daga cikinsa ya wadatar.

Asalinta, da tambayar da ba za a tsallake ba

Yoga ta samo asali ne daga Indiya, kuma kalmar ta fito daga wani tushe na harshen Sanskirit mai nufin haɗawa ko ɗaurawa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Tsohuwar yoga ta fi karkata ga zama da tsare numfashi da tarbiyyar zuciya a cikin addinan Indiya. Wadda duniya ta sani a yau, mai jerin tsayuwa da lanƙwasa, ta bunƙasa ne a ƙarni na 20, kuma ana danganta kaso mai yawa nata ga Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya koyar a birnin Mysore a shekarun 1930, da almajiransa irin su B.K.S. Iyengar na birnin Pune. Iyengar ne ya yaɗa amfani da igiya da katako da bargo domin mai taurin jiki ya yi atisayen ba tare da ya cutar da kansa ba, kuma masu gudu suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan dabara. A watan Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

Tun da asalinta yana da alaƙa da addini, mai karatu Musulmi, da Kirista ma, yana da haƙƙin ya tambaya ko ta dace da shi. A watan Nuwambar 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta fitar da hukuncin hana Musulmi yin yoga saboda addu'o'i da ibadar Hindu da ake haɗawa da ita, sannan a watan Janairun 2009 majalisar malaman Indunisiya ta bambance tsakanin wadda ta ƙunshi irin waɗannan abubuwa, wadda ta haramta, da wadda motsa jiki ce zalla, wadda ta halatta. Abin da ke cikin wannan rubutu motsa jiki ne zalla, babu furta wata kalma, kuma babu jerin nan da ake kira gaisuwar rana, wanda sunansa kaɗai ya isa mutane da yawa su guje shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma idan ya zaɓi ya kira abin da yake yi miƙa da atisayen ƙarfi, tsokarsa ba za ta san bambanci ba.

Taurin ƙafa ba kullum ne aibi ba

Agara, wato kakkaurar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, tana aiki ne kamar tsirkiyar baka. Idan ƙafa ta dira sai ta miƙe ta tara ƙarfi, idan ƙafa za ta tashi sai ta mayar da shi, haka ma jijiyar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tafin ƙafa take yi, kuma kowane maharbi ya san cewa bakan da tsirkiyarsa ta saki ba ya kai kibiya ko'ina. A shekarar 2002 masanin motsa jiki Andrew Jones na Ingila, wanda ya daɗe yana aiki da shahararriyar 'yar gudun nan Paula Radcliffe, ya gwada fitattun 'yan gudun dogon zango, ya samu cewa waɗanda ba sa iya miƙa hannu sosai zuwa yatsun ƙafa daga zaune su ne suka fi tsimin iska a gudu, wato, a yaren direbobi, su ne motocin da ba sa shan mai.

Maganar rigakafin rauni ma ba yadda aka saba ɗauka take ba. Wani nazari da masana daga ƙasar Denmak suka wallafa a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutane sama da 26,000 a wasanni daban-daban, ya nuna cewa atisayen ƙarfafa tsoka ya rage raunuka zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, alhali miƙa ita kaɗai ba ta nuna wani tasiri ba. Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara binciken kiwon lafiya, ta sabunta a 2011 shi ma ya nuna cewa miƙa kafin motsa jiki ko bayansa ba ta rage tsamin jikin washegari ta yadda mutum zai ji bambanci. Saboda haka, idan yoga za ta kare mai gudu, ta ɓangaren ƙarfi da daidaiton tsayuwa za ta kare shi, kuma wannan ɓangaren ne ya kamata ya ci mafi yawan lokacinsa.

Duk da haka akwai wurare biyu da tauri yake zama matsala ta gaske. Na farko shi ne gaban kwatangwalo, inda tsokokin da suke ɗaga cinya suke. Ma'aikacin ofis da tela da direban a-daidaita-sahu da ɗalibi duk suna wuni a zaune da waɗannan tsokoki a naɗe, kuma idan suka fita gudu cinya ba ta komawa baya yadda ya kamata, sai kwankwaso ya lotsa domin ya cike giɓin, daga nan ciwon baya ya samu ƙofa. Na biyu shi ne idon sawu, wanda idan ba ya barin gwiwa ta wuce gaba, nauyin dirar sai ya koma kan gwiwa da tafin ƙafa. Game da ciwon baya kuwa, a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sanya yoga cikin hanyoyin da take ba da shawarar a fara gwadawa, kafin magani, ga mai ciwon ƙasan baya da ya daɗe.

Kayan aiki

Ba a bukatar kashe kuɗi. Abin lura kawai shi ne shimfiɗar kada ta zama mai santsi, domin tabarmar roba a kan tayil takan zame da mutum daidai lokacin da ya buɗe ƙafafu, kuma targaɗen da za a samu a nan ya fi duk amfanin da aka zo nema. Kafet ya isa, haka ma shararren daɓen siminti idan za a sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin gwiwa. A madadin igiyar da ake sayarwa, tsohon rawani ko ɗankwali ko bel yana yin aikin, kuma filo da bango su ne sauran kayan. A yi shi ba takalmi, cikin wando mai faɗi, kuma a bar aƙalla awa biyu bayan cin abinci mai nauyi kamar tuwo.

Kafin gudu: motsi, ba tsayawa ba

An tabbatar cewa riƙe miƙa ɗaya sama da minti guda a tsoka yana rage mata ƙarfi na ɗan lokaci, don haka doguwar miƙa ba ta da gurbi kafin gudu. Abin da ake so shi ne minti biyar na motsi mai ɗumama jiki. Ka fara da tafiya mai ɗan sauri ta minti biyu ko uku, sannan ka durƙusa a kan tafukan hannu da gwiwoyi kamar mai rarrafe, ka riƙa lotsa baya idan ka shaƙi iska, kana ganɗara shi sama idan ka fitar, kamar sau takwas.

Daga nan ka kafa yatsun ƙafa, ka ɗaga mazaunai sama da baya har jikinka ya yi siffar rufin ɗaki mai kusurwa. Wannan ita ce miƙar kare, domin haka kare yake yi idan ya tashi daga barci. Kada ka damu da sai dunduniya ta taɓa ƙasa, domin yawancin masu gudu ba za su iya ba, kuma babu laifi a cikin hakan. Ka riƙa lanƙwasa gwiwa ɗaya kana miƙe ɗaya kamar mai tuƙa keke, sau goma kowace ƙafa, ta yadda sha-raɓa da agara za su farka. Ka ƙare da dogon taku zuwa gaba, kana sauke gwiwar baya kusa da ƙasa kana tashi, sau biyar kowane ɓangare, sannan ka fara gudunka da sassarfa.

Bayan gudu: minti goma zuwa goma sha biyar

Nan ne gurbin riƙe miƙa, lokacin da jiki yake da ɗumi. Ka ɗan yi tafiya har numfashi ya daidaita, ka sha ruwa, sannan ka hau shimfiɗa. Kowane zama a riƙe shi na tsawon numfashi biyar zuwa takwas, wato kimanin daƙiƙa 30 zuwa 45, kuma ma'aunin shi ne a ji ja mai daɗi wanda ba ya hana numfashi tafiya. Da zarar ka ga kana cije leɓe ko kana riƙe iska, ka wuce gona da iri.

Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne durƙuson taku, kuma shi ne wanda aka fi yi ba daidai ba. Ka durƙusa a kan gwiwar hagu bisa tawul, ka kafa ƙafar dama a gaba ta yadda gwiwarta za ta zo daidai saman idon sawu. Kuskuren kusan kowa shi ne ya zube gaba da dukkan nauyinsa har kwankwaso ya lotsa, yana jin kamar ya yi nisa, alhali tsokar da ake nema ba ta ji komai ba. Maimakon haka, ka ɗauki ƙugunka kamar ƙwarya ce cike da nono wadda ba ka son ta tuntsure ta gaba: ka miƙe gangar jiki, ka matse mazaunin hagu, ka ɗan ja cibiya ciki, sannan ka matsa gaba kaɗan kawai. Idan ka yi daidai za ka ji ja a gaban kwatangwalon hagu zuwa saman cinya tun ba ka motsa ko taƙi ɗaya ba. Wanda yake son ƙari ya ɗaga hannun hagu sama ya ɗan karkata zuwa dama. Ga mutumin da yake wuni a kujera, wannan zama shi kaɗai ya cancanci a yi shi kullum, ko an yi gudu ko ba a yi ba.

Na biyu na bayan cinya ne, kuma a kwance ake yin sa domin baya ya huta. Ka kwanta rigingine, ka rataya rawanin a tafin ƙafar dama, ka ɗaga ƙafar sama kana riƙe da bakinsa biyu, ka bar ɗan lanƙwasa a gwiwa. A tsakiyar bayan cinya ya kamata ka ji jan. Idan ka ji shi can sama inda cinya ta haɗu da ƙashin zama, ko a bayan gwiwa, to ka sassauta nan take. Kana nan a kwance, ka ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, ka zura hannaye ka riƙo bayan cinyar hagu ka jawo ta zuwa ƙirji, za ka ji mazaunin dama yana saki. Akwai wani zama da ake yi domin wannan tsokar, wanda ake naɗe ƙafa a gaba a kwanta a kanta, amma ba na ba mai gudu shawarar ya fara da shi, domin idan kwatangwalo ya yi tauri gwiwa ce take biyan bashin.

Domin tafin ƙafa, ka durƙusa, ka kafe yatsun ƙafafu biyu a ƙasa, ka zauna a kan dunduniya. Yana da zafi a farko, daƙiƙa 20 sun isa. Daga ƙarshe ka matsa jikin bango, ka kwanta rigingine, ka jingina ƙafafu a tsaye a jikinsa na minti uku zuwa biyar, kana numfashi a hankali.

Ranar hutu: inda ainihin ribar take

Sau biyu a mako, a ranar da ba a yi gudu ba ko aka yi mara nauyi, a ware minti 20 zuwa 30 domin ƙarfi. Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, wadda ta ce manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Ka fara da tsayuwar bishiya. Ka tsaya kusa da bango, ka ɗora tafin ƙafar hagu a cikin ƙwaurin dama ko a cikin cinya, amma kada ka ɗora shi a kan gwiwa. Nauyinka ya sauka a wurare uku kamar tukunya a kan duwatsun murhu: ƙarƙashin babban yatsa, ƙarƙashin ƙaramin yatsa, da dunduniya. Yanzu ka sunkuyar da ido ka kalli ƙafar da ke ƙasa. Za ka ga babban yatsa yana damƙar daɓe yana saki, jijiyoyin saman ƙafa suna tashi suna kwantawa, idon sawu yana rawa hagu da dama ba tare da ka umarce shi ba. Wannan rawar ita ce aikin, domin waɗannan ƙananan tsokoki su ne suke ceton ka ranar da ka taka dutse ko gefen kwata da asuba kana gudu. Idan ka iya daƙiƙa 30 ba ka dafa bango ba, ka gwada da ido a rufe, za ka sha mamakin yadda abin yake komawa sabo.

Sai tsayuwar sikeli, wadda ita ce ta fi kama da gudu a cikin dukkan yoga. Ka tsaya a kan ƙafar dama da ɗan lanƙwasa a gwiwa, ka karkata gangar jiki gaba kana ɗaga ƙafar hagu a baya, har kai da dunduniya su zama a layi ɗaya, kana dafa bango ko bayan kujera idan da bukata. Abu biyu za ka tsare. Kwatangwalon hagu zai so ya buɗe ya kalli sama, sai ka mayar da shi ya kalli ƙasa daidai da ɗan'uwansa. Gwiwar dama kuma za ta so ta faɗa ciki, sai ka riƙe ta tana kallon yatsa na biyu. Tsokar da za ka ji tana zafi a gefen mazaunin dama ita ce take hana ƙugu zubewa gefe a kowace dira, kuma ana yawan samun rashin ƙarfinta a wajen masu fama da ciwon gaban gwiwa, wanda yake cikin ciwukan da suka fi damun masu gudu. Ka riƙe na numfashi uku zuwa biyar, ka sauka, ka maimaita sau uku kowace ƙafa.

Sauran ukun ba sa bukatar dogon bayani. Zaman kujera shi ne ka tura mazaunai baya kamar za ka zauna a kujerar da babu ita, hannaye a sama, nauyi a dunduniya. Gada ita ce ka kwanta rigingine, ka kafa tafukan ƙafa, ka ɗaga ƙugu da ƙarfin mazaunai, idan ta yi sauƙi ka ɗaga ƙafa ɗaya. Dogaron gefe shi ne ka dogara a kan gwiwar hannu ɗaya da gefen ƙafa, jiki a miƙe kamar azara. Kowanne daƙiƙa 20 zuwa 40, zagaye biyu ko uku. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wanda yake shirin gasa da gaske zai kai matakin da nauyin jikinsa kaɗai ba zai ishe shi ba, sai ya haɗa da ɗaga ƙarfe da ɗage dunduniya a bakin matakala domin ƙarfafa sha-raɓa.

Numfashi

Yoga ba za ta ƙara wa mai gudu girman huhu ko ƙarfin zuciya fiye da yadda gudu yake yi ba, domin juriya da gudu ake samun ta. Abin da take koyarwa shi ne amfani da faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, maimakon numfashin saman ƙirji da ɗage kafaɗu wanda mutum yake komawa gare shi idan ya gaji. Ka kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ka shaƙa ta hanci na daƙiƙa 4 ta yadda hannun ciki ne zai fara tashi, ka fitar a hankali na daƙiƙa 6. Wannan yana ba da numfashi shida a minti, kuma tsawaita fitar da iska yana rage bugun zuciya yana kwantar da jiki, shi ya sa ya dace da bayan gudu mai tsanani, da kafin barci, da kuma mintunan fargaba kafin a busa usur. A cikin gudu, idan suka ta kama ka a gefen ciki, ka rage sauri ka koma irin wannan doguwar fitarwa. Salon riƙe numfashi na tsawon lokaci da na huci da sauri a bar su, musamman ga mai hawan jini.

Tsarin mako, yanayi, da azumi

Mai gudu sau uku ko huɗu a mako zai iya yin minti biyar na motsi kafin kowane gudu, minti goma na miƙa bayansa, da zama biyu na ƙarfi a ranakun hutu. Kada a sa zaman ƙarfi a jajiberin dogon gudu. Wanda yake shirin babbar gasa, kamar gudun fanfalaki na Legas mai tsawon kilomita 42.195 da aka fara a 2016, ya rage yoga zuwa mai sauƙi a makon ƙarshe, kuma kada ya gwada wani sabon zama a wannan makon komai yadda aka yabe shi.

A hunturu, lokacin da ake fita bayan sallar Asuba jiki a ƙandare, a ninka lokacin ɗumama jiki, kuma a yi atisayen numfashi a cikin ɗaki saboda ƙura. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, sai a nemi inuwa da sassafe ko bayan faɗuwar rana. A ƙasashen sanyi mutane suna biyan kuɗi domin su yi yoga a ɗakin da aka ɗumama zuwa kusan digiri 40, mu kuwa wannan zafin kyauta muke samun sa a Kano da Sakkwato da Maraɗi, kuma mai gudun da ya riga ya zubar da gumi a hanya ba shi da bukatar ƙari. A watan azumi, miƙa mai sauƙi da numfashi za su yiwu gab da buɗa-baki, amma zaman ƙarfi a bar shi sai bayan tarawihi, lokacin da aka sha ruwa abinci kuma ya faɗa.

Kuskuren da na yi

Wata safiyar hunturu, ban ko ɗumama jiki ba, na zauna na miƙe ƙafafu ina son goshina ya taɓa gwiwa kamar yadda na gani a wani bidiyo a waya, da na kasa sai na ce wa ƙanina ya danna bayana. Ban ji wani abu ya tsinke ba, ɗan zugi kawai na ji can ƙarƙashin mazaunin hagu, har na fita gudu a ranar. Bayan kwana biyu zama a kan benci ya gagare ni, a mota sai na karkata gefe ɗaya, hawan tudu kuma ya zama azaba. Da yake ina jin wurin a ɗaure, sai na ci gaba da miƙa shi safe da yamma, ashe ƙara ɓata shi nake yi, domin jijiyar da ta haɗa tsokar bayan cinya da ƙashin zama ce ta ji rauni, kuma irin wannan jijiyar ba ta son ja idan ta fusata. Likitan fisiyo ne ya hana ni miƙar gaba ɗaya, ya ɗora ni a kan gada da riƙe ƙarfi a hankali, kuma sai da na yi watanni kafin na koma gudu yadda na saba. Tun daga ranar ba na barin kowa ya danna ni, kuma ba na miƙe gwiwa sarai idan zan sunkuya.

Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko jin ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ko zafi a wuri ɗaya a ƙashin ƙwauri wanda yake ƙaruwa da gudu, duk ba na tabarma ba ne, na asibiti ne, domin na ƙarshen zai iya zama tsagewar ƙashi. Mai hawan jinin ido, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, su guji duk zaman da kai yake komawa ƙasa da ƙirji, har da miƙar kare. Mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata su nemi izinin likita tukuna. Tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa kuwa ba ta da abin da za ta ƙara wa gudu, wuya kawai take sakawa cikin haɗari.

Yadda za ka gane ko tana aiki

Kafin ka fara, ka yi gwaji biyu ka rubuta sakamakon. Na farko, ka tsaya a kan ƙafa ɗaya da ido a rufe, wani ya ƙirga maka daƙiƙoƙin da ka yi kafin ɗaya ƙafar ta taɓa ƙasa. Na biyu, ka fuskanci bango, ka ajiye babban yatsa kimanin santimita 10 daga jikinsa, ka gwada kai gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, idan ba ta kai ba ka matso har ta kai ka auna tazarar. Ka yi wa kowace ƙafa nata daban, domin bambancin da ke tsakanin hagu da dama ya fi lambar kanta muhimmanci. Bayan mako shida ka sake gwadawa a lokaci irin na farko, kuma ɓangaren da ya ci gaba da zama a baya ka riƙa fara kowane zama da shi, kana ƙara masa zagaye ɗaya a kan na ɗan'uwansa.